Ciniki da takarda: dokar wace ƙasa za ta raba ku in gardama ta tashi?

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karin magana ya dace da batun da muka ɗauko wa masu karatu a wannan mako, batun da wasu ke gani kamar na lauyoyin Yamai ne su kaɗai, alhali kuwa ya riga ya iso har bakin garaken albasa na gundumomin Madawa da Buza da Keita.

Duk wanda ya bi hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Ƙwanni da Maraɗi lokacin cirar albasa ya san yadda manyan motoci ke jeruwa bakin kwalta suna jiran lodi. Albasar fadamun Tarka da Magiya, wadda duniya ta sani da sunan Galmi, tana fitowa daga Arewa da Tunfafi da Sabon Gida da Karofane da Tamaske, ta nufi Abijan da Akra da Kumasi da Kwatanu da Lome. Mafi yawan wannan ciniki bisa amana ya ginu. Manomi ya san dillalinsa, dillali ya san mai motarsa, fatake kuma suna da mai masaukinsu a can bakin teku. A ba da kaya yau, kuɗi su biyo baya, in an samu saɓani manyan kasuwa su zauna su kashe wutar.

To amma takarda ta shigo, kuma ba ta da niyyar fita. Ƙungiyar manoma da ke son sayar wa babban kamfani albasa, da ɗan kasuwar da ke neman bashin banki, da mai odar taki ko injin ban ruwa daga waje, da ɗan kwangilar da ya samu aikin gina rijiya ko madatsar ruwa, dukansu sai sun sa hannu a kan yarjejeniya rubutacciya, da Faransanci ko da Ingilishi. Can wajen ƙarshen takardar, bayan maganar farashi da ranar kai kaya, akwai layi biyu ko uku da ba kasafai ake karantawa ba. Su ne ke faɗin wanda zai raba gardama in ta tashi, da garin da za a zauna, da dokar ƙasar da za a bi. Ranar da mota ta maƙale a kan iyaka, kamar yadda aka gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, albasa ta ruɓe cikin buhu, kowa ya ce asarar ba tasa ba ce, to ranar nan waɗannan layuka su ne takardar gaba ɗaya.

Sulhu daban, raba gardama daban

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu da bakin mutane ke haɗawa. Sulhu shi ne wani ya shiga tsakani, ya lallashi wannan, ya ba wancan baki, har su da kansu su amince da mafita. In ɗayansu ya ƙi, zance ya watse. Irin wannan iko ne dokokin Nijar suka ba sarakunan gargajiya, tun daga dokar 1993 har zuwa ta 2015 mai tsara matsayin sarauta: sarki ko hakimi yana sasanta mutane, ya rubuta takardar cewa an daidaita ko ba a daidaita ba.

Raba gardama kuwa, wadda takardun Faransanci ke kira « arbitrage », shari'a ce sosai, sai dai ba alƙalin gwamnati ke yin ta ba. Masu ciniki ne da kansu ke zaɓen mutum ɗaya ko uku da suka yarda da saninsu da gaskiyarsu, su ɗora musu nauyin yanke hukunci, kuma su ɗaure kansu tun farko cewa abin da aka yanke ya zauna, ko ya yi wa mutum daɗi ko bai yi ba. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da rarrabe sulhu da tahkimi, kuma sun halatta tahkimi cikin al'amuran dukiya.

Manyan ƴan kasuwa suna son wannan hanya saboda dalilai sanannu. Tana da sauri, ana yin ta cikin sirri, ana iya zaɓen wanda ya san sana'ar, kuma baƙo ba ya jin cewa an kai shi gaban alƙalin garin abokin gardamarsa. Sai dai tana da nata nauyi, kuma wajibi ne mai sa hannu ya san shi. Su masu gardamar ne ke biyan ladan masu hukuncin. Babu ɗaukaka ƙara irin wadda aka saba. Sannan wanda ya yarda da wannan sharaɗi ya rufe wa kansa ƙofar kotu: in ya kai ƙara kotun Madawa ko ta Ƙwanni ko ta Tawa, abokin cinikinsa ya fito da takardar ya nemi a bi ta, to dole alƙali ya ce shari'ar ba hurumin kotunsa ba ce, sai fa in sharaɗin ɓatacce ne ƙuru-ƙuru.

Wace ce « dokar Nijar »?

Sau da yawa a kan ga an rubuta cewa za a raba gardama « bisa dokar Nijar ». Mai karatu zai zaci akwai wata doka da majalisar dokoki ta Yamai ta zauna ta tsara a kan wannan batu. Gaskiyar magana ita ce dokar da ke aiki a nan ta tarayya ce tsakanin ƙasashe 17.

Ranar 17 ga Oktoban 1993, a Port-Louis, babban birnin tsibirin Moris, aka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta kafa OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka. Nijar tana cikin waɗanda suka kafa ta. Yarjejeniyar ta fara aiki a 1995, aka kuma sake duba ta a Kebek ta ƙasar Kanada a 2008. Ayarta ta 10 ta ce dokokin bai-ɗaya da ƙungiyar ta fitar suna aiki kai tsaye cikin kowace ƙasa, kuma suna gaba da duk wata dokar cikin gida da ta saɓa musu, ko ta riga su ko ta biyo bayansu. Sakatariyar ƙungiyar tana Yawunde, makarantar horar da alƙalanta tana Porto-Novo, babbar kotunta kuwa, wadda ake kira CCJA, tana Abijan.

Majalisar ministocin OHADA ta amince da dokar bai-ɗaya ta raba gardama a Wagadugu ranar 11 ga Maris 1999. Ranar 23 ga Nuwamban 2017, a Konakiri, aka sake ta da sabuwa, wadda ta fara aiki a watan Maris na 2018, tare da wata doka ta musamman a kan sulhu. Aya ta 35 ta faɗi a fili cewa wannan doka ita ce a madadin dokar raba gardama ta kowace ƙasa cikin ƙungiyar. Ashe ke nan wanda ya rubuta « dokar raba gardama ta Nijar », da wanda ya rubuta « ta Kot Dibuwar », da wanda ya rubuta « ta Benin » ko « ta Togo » ko « ta Burkina », duk littafi guda suke nufi. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, domin ƙungiyoyin biyu kowace da yarjejeniyarta.

Ga kaɗan daga abin da dokar ta 2017 ta tanada, wanda ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe. Sharaɗin raba gardama a rubuce ake yin sa, ko ta wata hanyar da za ta iya zama hujja, kuma yana iya ɗaure mutum ko da yana cikin wata takarda dabam da yarjejeniyar ta yi nuni gare ta, kamar ƙa'idojin sayarwa da kamfanoni ke bugawa a bayan rasit. Sharaɗin yana tsaye da ƙafarsa: ko an ce cinikin kansa ya ɓaci, shi bai faɗi ba. Masu hukunci ɗaya ne ko uku, in ba a faɗi adadi ba ɗaya ne. In ba a yanka musu wa'adi ba, suna da wata 6 daga ranar da na ƙarshensu ya karɓi aikin. Hukuncinsu ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Babban abin da wanda aka kayar zai iya shi ne neman a soke shi, bisa dalilai ƙididdigaggu, kamar a ce ba a saurari ɗaya ɓangaren ba, ko masu hukuncin sun wuce aikin da aka ba su, ko ba su faɗi hujjarsu ba. Kuma kafin a kama dukiyar mutum da wannan hukunci, sai alƙalin gwamnati ya buga masa hatimin zartarwa, wanda lauyoyi ke kira « exequatur ». An ba alƙali kwana 15. In ya yi shiru har suka wuce, doka ta ɗauka ya bayar.

Akwai wani abin lura game da shekara. Tsofaffin takardu da yawa, da sababbin da aka kwafo daga tsofaffi, suna ambaton dokar 1999. Ita dai wannan an shafe ta, kuma duk shari'ar da aka soma bayan sabuwar ta fara aiki, sabuwar ce ke mulkinta. Ambaton tsohuwar shekara ba ya kashe sharaɗi, amma yana ba mai neman jan lokaci abin kamawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dokoki uku cikin takarda guda

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zaton doka guda ce ke mulkin takardar baki ɗaya. A haƙiƙa tambayoyi uku ne, kuma kowace tana iya samun amsa dabam.

Ta farko ita ce dokar cinikin kansa: yaushe kaya suka fita daga wuyan mai sayarwa suka koma wuyan mai saye, wa zai ɗauki asarar ruɓewa, nawa ne diyyar jinkiri. A Nijar, ciniki tsakanin ƴan kasuwa yana ƙarƙashin dokar bai-ɗaya ta kasuwanci wadda aka sabunta a Lome a Disambar 2010, jigilar kaya a mota kuwa tana ƙarƙashin dokar da aka amince da ita a Yawunde a Maris na 2003. Masu ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa suna da damar zaɓen dokar wata ƙasar.

Ta biyu ita ce dokar shari'ar: yadda ake naɗa masu hukunci, da wa'adinsu, da kotun da za ta taimaka in an cije, da kotun da ke da ikon soke hukunci. Wannan ba ta bin inda albasa ta fito ko inda aka sauke ta. Tana bin abin da ake kira mazauni, « siège » da Faransanci. Aya ta 1 ta dokar OHADA ta ce dokar tana aiki a kan duk shari'ar da mazauninta ke cikin ɗaya daga ƙasashen ƙungiyar. Mazauni gida ne na doka, ba ɗakin taro ba. Ana iya cewa mazauni Yamai, a zauna sauraren shaidu a Madawa ko a Tamaske, hukuncin kuma a ɗauke shi a matsayin wanda aka yanke a Yamai. Haka nan in takarda ta ce mazauni Faris, to dokar Faransa da kotunan Faris mutum ya zaɓa, ko da bai taɓa wuce Dogon Dutsi ba.

Ta uku ita ce dokar shi kansa sharaɗin raba gardamar: shin ya inganta, kuma wa ya ɗaure. Wannan tambaya ta wahalar da manyan kotunan Turai. A Ingila sai da kotun ƙoli ta yi dogon hukunci a kanta a 2020, sannan majalisa ta fitar da sabuwar doka a 2025 wadda ta ce in masu ciniki ba su zaɓa a fili ba, dokar mazauni ce za a bi. Jimla guda cikin takarda ta isa ta raba mutum da wannan wahala.

Kalma guda, dala miliyar 11

Wanda ke ganin wannan duk ƙaƙale ne na masu boko, to ya dubi abin da ya sami babbar maƙwabciyarmu. A Janairun 2010 ma'aikatar man fetur ta Najeriya ta sa hannu da wani kamfani mai suna P&ID a kan yarjejeniyar shekara 20 ta sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko tubali ɗaya ba, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi, kamfanin ya kai ƙara gaban masu raba gardama a 2012.

Takardar ta ce dokar Najeriya ce ke mulkin yarjejeniyar. Ta kuma ambaci dokar raba gardama ta Najeriya da sunanta da lambarta. Amma a layi na gaba sai ta ce wurin shari'ar shi ne Landan, da kalmar Ingilishi « venue », wadda ke iya nufin wurin zama kawai, ke kuma iya nufin mazauni. Najeriya ta ce ai tunda an ambaci dokarta, mazauni yana gida, Landan wurin haɗuwa ne kurum, saboda haka kotunan Najeriya ke da ikon duba hukunci. A 2016 wata babbar kotun tarayya a Legas ta soke hukuncin farko da ya ɗora wa Najeriya laifi. Masu raba gardamar suka ce mazauni Landan ne, kotun Legas ba ta da ta cewa, suka ci gaba da aikinsu. A Janairun 2017 suka yanke wa Najeriya biyan dala miliyar 6 da miliyan 600, da ruwan kashi 7 cikin ɗari a shekara. A Agustan 2019 wata kotun Landan ta tabbatar cewa mazauni Ingila ne, ta ba da izinin zartar da hukuncin.

Bashin ya yi ta hauhawa har ya wuce dala miliyar 11. Najeriya ba ta kuɓuta ba sai ranar 23 ga Oktoban 2023, lokacin da alƙali Robin Knowles na babbar kotun Landan ya gano cewa da cin hanci da zamba aka samo hukuncin. A lura da kyau: ko wannan kuɓuta a Landan aka same ta, domin can ne mazauni, kuma can kaɗai ake da ikon rushe abin da aka yanke. Ambaton dokar ƙasarka cikin takarda bai isa ya dawo da shari'a gida ba in layin mazauni ya nuna wani wuri. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

In abokin ciniki yana Kano ko Kumasi

Biyu daga manyan abokan cinikin mutanen Madawa, wato Najeriya da Gana, ba sa cikin OHADA. Kowace tana da dokarta, kuma sunan da aka kira ta da shi cikin takarda yana da muhimmanci.

A Najeriya, dokar da aka yi aiki da ita shekara 35 ita ce ta 1988, wadda gwamnatin soja ta kafa bisa samfurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985. A watan Mayun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar raba gardama da sulhu, wadda ta shafe ta. Cikin abubuwan da suka sauya akwai adadin masu hukunci: a da in takarda ta yi shiru uku ne, yanzu ɗaya ne. Bayan wannan, jahar Legas tana da dokarta ta kanta tun 2009. Saboda haka wanda ya rubuta « dokar raba gardama ta Najeriya, mazauni Legas » ya bar ƙofar tambaya a buɗe: ta tarayya ko ta jaha? A Gana kuwa dokar 2010 ce, mai lamba 798, wadda har ta ware babi na musamman ga raba gardama irin ta gargajiya.

Sai babbar tambaya: in ka ci shari'a, ina za ka karɓi kuɗinka? Hukunci takarda ne, dukiyar wanda aka kayar kuwa tana iya kasancewa a wata ƙasa. A nan ne yarjejeniyar Niyu Yok ta 10 ga Yunin 1958 ke da amfani. Ƙasashe fiye da 170 sun shiga cikinta, kuma kowace ta yi alkawarin girmama hukuncin raba gardama da aka yanke a wata ƙasar, sai bisa dalilai kaɗan da aka lissafa. Nijar ta shiga a 1964, Gana a 1968, Najeriya a 1970. Ma'ana, hukuncin da aka yanke da mazauni a Yamai ana iya kai shi kotun Kano ko ta Kumasi a nemi a zartar da shi, kuma sau da yawa hanyarsa ta fi ta hukuncin kotun gwamnati sauƙi. Sai dai wannan yarjejeniya sharaɗi rubutacce ta sani. Mai ciniki da ƙetaren iyaka kada ya dogara ga saƙon murya na WhatsApp ko shaidar dillali.

Cikin ƙasashen OHADA ma akwai bambanci tsakanin hanyoyi biyu. In an bi dokar bai-ɗaya kawai, ana neman hatimin zartarwa a ƙasar da ake son kama dukiya. In kuwa takarda ta ce za a yi shari'ar ƙarƙashin ƙa'idojin CCJA ta Abijan, to kotun da kanta ke ba da hatimin, kuma yana aiki cikin ƙasashe 17 duka. Ana iya zaɓen wannan hanya in ɗaya daga masu cinikin yana zaune cikin wata ƙasar ƙungiyar, ko in a cikinta za a aiwatar da yarjejeniyar.

Ƙarfin wannan hanya ita kanta gwamnatin Nijar ta ɗanɗana shi. A 2011 ta ƙulla yarjejeniyar buga fasfo da kamfanin Africard, daga baya ta warware ta. Kamfanin ya bi sharaɗin da ke cikin takarda ya tafi CCJA, a Disambar 2014 aka yanke wa Nijar biyan sefa fiye da miliyar 16. Da wannan hukunci kamfanin ya shiga farautar kadarorin ƙasar a Faransa da Amurka, har wata kotun Washinton ta amince da shi a 2016. Doka ta ce gwamnati da ma'aikatunta ba za su fake da dokokin cikin gida su musanta sharaɗin da suka sa wa hannu ba. Abin da ya kama gwamnati kuwa ba zai ƙyale mai mota goma ba.

Yadda ya kamata a rubuta

Daga abin da ya gabata, ga abin da muke ba ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa da ƴan kwangilar yankin shawara su duba kafin su sa hannu ko su dangwala yatsa.

Da farko a nemi layin mazauni, a tabbata an faɗi gari da ƙasa, kuma an yi amfani da kalmar mazauni ita kanta. In ana son a riƙa zama kusa da gida, a faɗi haka a jimla dabam. Na biyu, dokar raba gardamar da aka ambata ta zama ta ƙasar mazaunin. Haɗa dokar wata ƙasa da mazaunin wata shi ne ramin da Najeriya ta faɗa. Na uku, a kira doka da cikakken sunanta, a ƙara da cewa ana nufin yadda take aiki ranar da aka shigar da ƙara, don kada sauyin shekara ya zama abin gardama. Na huɗu, in an zaɓi wata cibiya ta gudanar da shari'ar, a rubuta sunanta daidai, domin ambaton cibiya ɗaukar ƙa'idojinta ne gaba ɗaya. A Nijar akwai Cibiyar Sulhu da Raba Gardama ta Yamai, CMAN, wadda zauren ƴan kasuwa da masu masana'antu ya kafa. Na biyar, kada takarda guda ta ce masu raba gardama a wani layi, ta ce kotun kasuwanci ta Yamai a wani layin, domin shekara na iya ƙarewa ana jayayya a kan wanda zai saurari ƙarar tun ba a taɓa maganar albasa ba.

Sai batun harshe. Masu ciniki suna da ikon tsara yadda za a yi zaman, har da harshen da za a yi magana da shi. Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Babu abin da ya hana manomin Karofane ya nemi a saurare shi da harshen da ya yi cinikin da shi, a rubuta hukunci da harshen da kotu za ta buga wa hatimi.

Ga misalin yadda sharaɗin zai iya kasancewa, wanda lauya ko notaya zai daidaita shi da bukatar kowa:

« Duk gardamar da ta taso daga wannan yarjejeniya, ko ta shafe ta, za a fara neman sulhu a kanta cikin kwana 30. In ba a daidaita ba, mai raba gardama guda ɗaya zai yanke ta, yankewa ta ƙarshe, bisa ƙa'idojin Cibiyar Sulhu da Raba Gardama ta Yamai. Mazaunin shari'ar shi ne Yamai, Jamhuriyar Nijar, ƙarƙashin dokar bai-ɗaya ta OHADA kan raba gardama yadda take aiki ranar shigar da ƙara. Ana iya sauraren shaidu a Madawa. Dokar da ke aiki a Nijar ita ke mulkin yarjejeniyar da wannan sharaɗi. Za a yi zama da Hausa, a rubuta hukunci da Faransanci. »

Matakin sulhu da aka sa a farko ba ado ba ne. Dokar 2017 ta ce in takarda ta tanadi wani mataki kafin shari'a, kuma ɗaya ɓangaren ya nemi a bi shi, masu hukunci za su duba ko an yi, in ba a yi ba su mai da mutane su yi. A nan manyan kasuwa da sarakuna ke da wurinsu. Kuma dokar sulhu ta ba da damar a kai takardar daidaitawa gaban kotu ta tabbatar da ita, ta samu ƙarfin zartarwa.

A ƙarshe a auna nauyin kaya da ƙarfin jaki. Cinikin buhu ashirin ko talatin bai cancanci masu hukunci uku da kuɗin jirgi ba. Ladan shari'ar zai cinye uwar kuɗin. Irin wannan ya fi dacewa da sulhu, ko da kotun gida. Amma in kaya sun kai motoci, ko abokin ciniki da dukiyarsa suna ƙetare, to sharaɗin raba gardama mai kyau ya fi kowane jingina. In kuma babban kamfani ya kawo takardarsa a shirye, da mazauni a Faris ko Landan ko Dubai, mutum ya tambayi kansa tun kafin ya ɗauki alƙalami: in aka danne mini haƙƙi, ina da halin bin sa har can? In amsar a'a ce, to ya nemi a sauya layin, ko ya san cewa ya sayar da kayansa ne ba tare da wurin kai kuka ba.

Amana ita ce jarin kasuwar albasa, kuma babu takardar da za ta maye gurbinta. Amma takardar da aka sa wa hannu ba a karanta ba tana iya cinye abin da amana ta tara shekara da shekaru. Ya rage ga shugabannin ƙungiyoyin manoma na Madawa da Buza da Keita, da wakilan zauren ƴan kasuwa a Tawa, su samar wa mutanensu samfurin yarjejeniya da Hausa da Faransanci, su kuma koya musu duba layukan ƙarshe kafin na farko. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.